Inda Ɗanladi Ya Kashe Inji

"Sau ɗaya tak," Inna ta ce, ba ta ko ɗago kai daga tsintar shinkafa ba. "Don baƙuwarki na yarda ki shiga jirgin Ɗanladi, kuma don yau na ranarshi ta ƙarshe bisa ruwa. Kuma na hwaɗa mishi, kada shi bi da ke ta wurin nan."

Na ce to. Wata tara ke nan duk abin da aka faɗa mini to nake cewa.

Wata tara da jirgin Babana ya daki kututturen itace a ƙarƙashin ruwa ya kife, a hanyarsa ta dawowa daga kasuwar Wara. Ban yi kuka ba ranar, ban yi ba ranar bakwai. Mata suna yaba haƙurina, ni kuwa na san ba haƙuri ba ne. Ba na jin komai ne kawai.

Bayan arba'in Inna ta kafa wa Ɗanladi sharaɗi. Shekara uku yana nemana, Baba ma ya amsa masa, amma ta ce ba za ta ba da 'yarta ga direban jirgi ba, ruwa ya ci mata namiji ɗaya ya isa. Ko ya bar ruwa, ko ya bar ni. Ya daɗe yana ja, a ƙarshe ya ce ya zaɓe ni. Zai miƙa jirgin ga ɗan baffansa, ya koma jiran shago a Yelwa.

Da ya gaya mini, to na ce masa shi ma.

Deborah ce ta jawo fitar. Ƙawata ce tun makarantar koyon jinya, ta zo hutu daga Kaduna da jerin abin da take son gani: tsibirai, dorina, kifi mai girman mutum. Tun a bakin ruwa ta ɗaure rigar kariya har wuya, Ɗanladi yana tsokanarta wai ko jirgin ya nutse ita sai dai a tsince ta a Kainji tana shawagi.

Tsibiri na farko gonar albasa ne daga wannan baki zuwa wancan. Wata tsohuwa ta cika wa Deborah gyale da albasa, ta ƙi karɓar godiya ma. A na biyu masunta suka gasa mana kifin ragon ruwa a kan rairayi, da yaji da gishiri. Deborah ta tuɓe takalmi tana bin balbelu da gudu, tana ɗaukar hoton duk abin da ya motsa. Na ci kifin. Na san yana da daɗi saboda su biyun sun faɗa.

Ɗanladi ya matso ya tsuguna nesa kaɗan da ni.

"Yasira, hasken idona... ko murmushi guda?"

Na yi masa. Ya kalle shi, ya san na aro ne, ya tashi ya je ya duba mai.

Da la'asar muka nufi na uku, inda aka ce dorina na fitowa. Ruwa ya ja baya sosai bana, hanyar da Ɗanladi ya so bi ta zama taɓo, dole ya karkata ta wata. Ban kawo komai a raina ba. Deborah na ba shi labarin cunkoson Kaduna, yana dariya, sai kawai hannunsa ya kai ga inji ya kashe. Bai ma daina dariyar ba sai da shirun ya sauko.

Nan na ga fuskarsa ta canza. Ya dubi hannun nasa, ya dube ni.

Gefenmu wata jarka ce ruwan ɗorawa, babu komai a ciki, tana lilo a kan ruwa da igiya a wuyanta.

"Mai ya ƙare ne?" Deborah ta tambaya.

Na ce, "Nan na?"

"Ki gahwarce ni. Kullum in na kawo nan ina kashewa in yi mishi addu'a. Hannuna ya saba... wallahi mantawa na yi kina ciki."

Na tambaye shi labarin jarkar. Da ƙyar ya yi bayani, kansa a ƙasa. Itatuwan da ruwa ya shanye tun gina dam ɗin Kainji suna nan tsaye a ƙasa, ba a ganinsu sai an hau kansu. Washegarin jana'izar Baba ya nutsa ya ɗaura wa wannan kututturen igiya da jarka. Daga nan ya bi sauran da ya sani, ɗaya bayan ɗaya. In ruwa ya ƙaru sai ya je ya ƙara igiya, in ba haka ba jarkar za ta nutse. In ya ragu ya rage, don kada ta kauce daga kan kututturen.

"Wa za ya riƙa yi in ka bari?"

Ya ce ya roƙi ɗan baffansa. Yadda ya faɗa na gane babu mai yi.

Na miƙa hannu na taɓa jarkar. Rana ta gasa ta, da ɗumi. Wani abu ya motsa a ƙirjina, kaɗan, irin na ƙafar da ta yi sanyi ta fara dawowa. Ciwo ne, kuma na yi marmarinsa.

"Kada ka ba da jirgin," na ce.

"Yasira, kin san abin da kinka ce? Inna ba ta sauya magana."

"Na sani."

"Ni ke nika so."

"Ni ma. Amma kada ka ba da shi."

Ba mu je ganin dorina ba. Deborah ta riƙe hannuna har Yelwa, wayarta a jaka.

Na tarar da Inna tana alwalar magariba. Ban jira ta tambaya ba, na tsaya a kanta na faɗa mata duka: injin, jarkar, igiyar, da abin da na ce masa. Na ce na san sharaɗinta, ba zan yi mata gardama ba, in ta ce auren ya mutu, ya mutu.

Ta daɗe riƙe da buta, ruwa na zuba a ƙasa.

"Wurin yana da alama?" ta ce.

"Yana da ita, Inna."

"Ni babu wanda ya taɓa nuna mini inda ubanku ya tsaya." Ta goge fuska da bakin zane. "Ki ce mishi gobe da sahe shi zo shi kai ni. In shi na za ya tuƙa, zan shiga."

Na durƙusa na kifa kai a cinyarta, na yi kukan Babana.