Wasan Ƙadangare

"Wallahi Sauda ba za ta shiga taro ba, Madu! Ko yanka ni za ka yi!"

"Haba Fanna! Filin makaranta ne fa, nan cikin Lamisula, da la'asar... kafin dokar hana fita mun dawo."

"Shi ma Ba'ana da la'asar ya fita."

A nan kullum maganar take mutuwa. Ba'ana ƙanin Fanna ne, ya tafi gidan kallon ƙwallo bam ya tashi, takalminsa kawai aka kawo gida. Ran nan mahaifiyarsu ta damƙe hannun Fanna, wadda ke da tsohon ciki, ta sa ta yi alkawari: abin da za ta haifa ba zai taka inda jama'a suka taru ba.

Ga Sauda ta shekara biyar, ba biki, ba suna, ba kasuwa. Daga ɗaki sai tsakar gida mai faɗin tabarma biyu. Wasan da uwarta ta fara koya mata ma shi ne wasan ƙadangare: da kin ji dum, ki kwanta rub da ciki, ki toshe kunne.

Shi kuwa Madu makaɗi ne ɗan makaɗi. Da ganga ya sace zuciyar Fanna a wani biki a unguwar Shehuri ta Maiduguri. Da gari ya rikice ya naɗe gangar cikin tsohuwar laffaya, ya ɗora saman sif, ya koma jan Keke. Sai yanzu da aka ɗan samu sauƙi samarin unguwa suka shirya wasan kiɗa a fili, suka ce ba wasa sai da shi.

"Abar ƙaunata," ya ce, "'yata ta san bambancin ƙarar bam da ta bindiga, amma ba ta san ƙarar gangar ubanta ba. A kurkuku muke, makullin kuma yana hannunki. Abokan kiɗana Kano za su wuce gobe. Idan na ɗaga ido yau ban gan ku ba, zan bi su. Na gaji da kallonta tana girma a ɗaki!"

Ya saɓa gangarsa ya fice.

Fanna ta zube bakin ƙofa tana kuka. Gaba kura baya siyaki! Ta je ta karya alkawarin uwa, ta zauna ta rasa mijin da take so kamar ranta.

"Mama," in ji Sauda, "ina Baba zai kai turmin nan?"

Turmi! 'Yar makaɗi ke kiran ganga turmi. Fanna ta share hawaye, ta jawo laffayarta.

A ƙofar makarantar 'yan gora, 'yan sa-kai masu tsaron unguwa, suna laluben kowa, har ɗankwalin Sauda sai da wata mata ta taɓa. Fanna ta ƙi matsawa ciki, ta tsaya dab da ƙofa, idonta a kan kowace jaka, kowace riga mai kumburi. Tsoro take ji.

"Mama, duk mutanen nan a ina suke kwana?"

"Yi shiru, riƙe hannuna."

Can kan dandamali Madu ya hango su. Fuskarsa ta washe, ya ɗaga makaɗin gangar, ya sauke shi da duk ƙarfin da ya tara shekara da shekaru. Lasifika ta amsa: DUM!

"Ƙadangare!" Sauda ta ƙwalla.

Kafin ka ce kwabo Sauda ta shimfiɗe a ƙasa, tana jan laffayar uwarta. "Mama, kwanta! Kwanta!"

Fanna ta san ganga ce, wallahi ta sani, amma duk da haka ta bi 'yarta ƙasa. To a Maiduguri wa yake tsayawa tambayar dalilin kwanciyar wani? Wata mata ta rafka salati, na kusa suka fara turereniya, kujeru suka fara kifewa.

"Jama'a ku tsaya!" Muryar Madu ta cika filin. "Ba komai, don Allah ba komai... 'yata ce!"

Jama'a suka tsaya cak. Madu ya sauko da gangarsa, mutane suna dare masa hanya. Da farar babbar rigarsa ya kwanta cikin ƙasa, fuskarsa dab da ta Sauda.

"Buɗe ido, uwata."

"Baba, kwanta sosai, bai wuce ba..."

"Ba ni hannunki."

Ya ɗora ɗan tafinta a kan fatar gangar, ya buga da shi a hankali. Dum.

Ta buɗe ido ɗaya. "Ni na yi?"

"Ke kika yi."

Ta ɗaga kai ta dubi dama, ta dubi hagu.

"Kuma ba wanda ya mutu?"

Gyaɗa kai kawai Madu yake yi, hawaye yana bin gemunsa. Matar da ta yi salati ta rufe fuska da mayafi, wani ɗan gora ya juya baya.

"Ka yafe mini, Madu," Fanna ta ce cikin shessheƙa. "Ni na koya mata... Me zan je in ce wa mahaifiyata?"

"Tare za mu je, masoyiyata. Ni zan durƙusa."

"Kano fa?"

"Wa zai tafi Kano ya bar makaɗiyarsa a nan?"

Sauda dai tuni ta miƙe, ƙasa har a hanci. Ta ɗaga hannu biyu ta zabga wa gangar: dum! Jikin Fanna ya sake zabura, ta duƙar da kai.

Yarinyar ta kama haɓarta ta ɗago, kamar yadda ake yi mata in tana kuka.

"Mama, tashi mana. Wannan namu ne."