Ranar da Aka Sace Wakilin Kilbrae

Kan kifin farko ya sami Ninian a kafaɗa, na biyu a kunne. Matan Kilbrae sun cika bakin gaɓa suna jifansa, shi kuwa yana tsaye cikin kwalekwalensa kamar an dasa shi.

Grizel ta kutsa tsakaninsu, hannunta duk garin burodi.

"Ina ubana, Ninian?"

"Yana nan lafiya, sanyin idona..."

"Kada ka sake ce mini sanyin ido. Ina ka kai shi?"

Ya sunkuyar da kai, ya ce ya yi rantsuwa ba zai faɗa ba.

Rantsuwa! Ku dai ji irin wautar maza.

Kafin manya su ɗaure ƙasarmu da Ingila, garinmu na da mutuminsa shi kaɗai a majalisar Edinbara. Da aka haɗe, sai aka cusa garuruwa huɗu kan kujera ɗaya a Landan. Kowane gari ya tura wakili da ƙuri'a ɗaya tak, su huɗun su fitar da mai tafiya. A wannan shekarar uban Grizel, Dauvit mai burodi, shi ne wakilinmu. Da safe ya shiga kwalekwalen Ninian zai haye zuwa Dunmorran inda ake zaɓen. Da rana Ninian ya dawo shi kaɗai. Garuruwa uku suka yi zaɓensu, Kilbrae ko tari ba ta yi ba.

Tam Geddie, ɗan shugaban dattawan gari, wanda ya daɗe yana neman Grizel tana korarsa, shi ya bi gida gida yana cewa an sayi Ninian. Ya kuma ce ranar Lahadi za a ɗora shi kan kujerar tuba a gaban coci, inda mai laifi ke faɗin laifinsa a bainar jama'a, sannan a hana kwalekwalensa tsayawa a gaɓarmu har abada. Matuƙin da ba shi da gaɓa kuwa, me zai ba mace ta ci?

Grizel ba ta tsaya kuka ba. Ta tattare zanenta ta dira cikin kwalekwalen.

"Bakinka ka rantse da shi, ba hannunka ba. Tuƙa."

Ya tuƙa.

Duk hanya tana hango ubanta ɗaure da igiya, sanyi na cinsa, tsuntsayen teku na shawagi a kansa. Hawaye suka zubo mata. Ta dubi Ninian, da gashinsa da iska ta hargitsa, da idanun nan da suka hana ta barci tun bara... sai ta ji kamar ta rungume shi ta kuma tura shi cikin ruwa.

Suka isa wani tsibiri da tsuntsaye kaɗai ke zama a kansa.

Ga Dauvit can a bayan dutse inda iska ba ta kaiwa. Ya shimfiɗa bargon gidansu, ya hura wuta, yana gasa bandar kifi, tulun giya a gefensa. Har matashin kansa ya zo da shi.

"Baba...?"

Kifin ya suɓuce masa cikin toka.

Da ƙyar ta tatso maganar daga bakinsa. Ashe masu neman kujerar su biyu ne, kuma duka ya ci tuwonsu. Ɗaya shi ke da gidan niƙan da yake kai hatsinsa, ɗayan shi ke da jiragen da ke sayen burodinsa. Ya riƙe hannun wannan ya yi alkawari, ya riƙe na wancan ya yi. A da, in ji shi, ƙuri'a na ɓuya cikin taro. Yanzu da take guda ɗaya, ina za ta ɓuya? Duk wanda ya ƙi, tandarsa ta mutu. Shi ya sa ya roƙi Ninian ya sace shi, ya ce in ya yi zai duba maganar aurensa da Grizel.

"To, ka duba?"

Dauvit ya goge baki. Ya ce ya duba ƙwarai, amma ita ma ta yi tunani: ta yaya zai ba da 'yarsa ga mutumin da duk gari ya san shi ya sace shi? Ai mutane sai su yi magana.



Grizel ta kalli ubanta, ta kalli masoyinta. Ta rasa wanda ya fi ba ta haushi, mai wayon ko marar wayon.

Ta kama hannun Ninian ta ja shi zuwa kwalekwale, ta sa ƙafa ta tokari dutse, kwalekwalen ya bar gaɓa.

Dauvit ya taso a guje, bargo na jan ƙasa, yana tambayar inda za su.

"Gida, Baba. Ka ce an sace ka, to yanzu aka sace ka. Ka zauna da tsuntsayenka."

Ya yi lallashi, ya yi barazana, ya tuna mata marigayiya uwarta. Ninian ma ya fara cewa tsoho ne, a tausaya. Ta ce in ya sake magana shi ma zai sauka.

Ruwa ya fara faɗaɗa tsakaninsu da Dauvit.

"Na ba shi ke!" Dauvit ya ɗaga murya.

"Kujerar tuba fa?" in ji Grizel.

Igiyar ruwa ta jiƙa masa takalma.

"Zan hau..."

Ranar Lahadi Dauvit ya hau kujerar da ƙaton cikinsa, ya faɗi komai da bakinsa. Mai gidan niƙa ya daina yi masa niƙa, mai jirage ya daina sayen burodinsa. Abin da ya gudu a hannun ɗaya ya same shi a hannun biyu. Yanzu surukinsa ke haye masa da hatsi har Dunmorran a niƙo.

An ɗaura aure bayan girbi. Matan da suka yi jifa su suka fi kowa rawa, kuma har yau ko ɗaya ba ta buɗe baki ta ba Ninian haƙuri ba. Wannan magana tana nan, ba ta mutu ba.

Da aka watse, Ninian ya riƙe hannunta ya ce zai rantse mata da duk abin da take so.

Ta toshe masa baki da tafinta.

"Masoyina, ka so ni kawai. Rantsuwa kuwa, daga yau sai ka tambaye ni."