Inda Harji Ya Rage Tsawo

A shekara ta biyu ta sarautar Raja Nagoji na Tambegad, cikin watan Falgun, lokacin da mangwaro ke zubar da fure, rundunar ƙaninsa Harji tana kewaye da dutsenmu tun ɗaukewar damina.

Mahaifinsu ya rasu bai ambaci magaji ba, manyan fada suka ɗora Nagoji don shi ne babba. Gajere ne, mai nauyin baki, ga ɗingishi tun yarinta. Harji kuwa sai ya sunkuya yake shiga ƙofar fada, kuma shi ya ci wa mahaifinsu yaƙe-yaƙe. Masu zuga suka yi ta hura masa kunne har ya sauka kwari cikin fushi, ya tara mayaƙa daga ƙauyukanmu, ya ɗauko hayar wani Sardar Durjan daga arewa mai nisa ya ja masa yaƙi. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

A cikin ganuwa tafkunan dutse sun kusa ƙafewa, gurasar tamba ta koma rabi. Ana cikin haka bikin Shimga ya zo, ranar da Uwa Jugai, gunkin da muke bauta wa, take barin haikalinta na kan dutse ta sauka bakin kogi ta gai da ƙanwarta. A falki take tafiya, gadonta mai rumfa da sanda guda, mutum ɗaya gaba, ɗaya baya. Kowane ƙauye yana da rabonsa na hanya, ba mai taka na wani. Rabon ƙarshe, daga babbar cediya zuwa ruwa, na jinin sarauta ne, ƙafa ba takalmi, jiki ba ƙarfe. In falki ya taɓa ƙasa a hanya, a wurinmu shinkafar shekarar ta mutu tun ba a shuka ta ba.

Waziri ya faɗi gaban sarki ya ce, "Maharaj, bana Uwa ta yi haƙuri a ɗakinta. Ka buɗe ƙofar nan, a kan tsinin mashi za mu ga kanka."

Tsoho Bapu, mai hidimar haikali, ya dube shi sama da ƙasa. "To hau ka gaya mata da bakinka. Tun kakanka bai yi haƙori ba take zuwa wajen ƙanwarta. Ita ba ta yi faɗa da tata ba."

Nagoji ya ji tsoro, ba a ɓoye wannan ba a labarin da muka gada. Sannan ya ce, "In na tsare ta don in tsira da gadon sarauta, wa zan mulka? Ku buɗe."

Da hantsi aka buɗe ƙofa, ganguna na tashi, ana watsa garin kurkum. Sarki na biye da falki a ƙasa. A kwanar farko rabon mutanen ganuwa ya ƙare, maɗauka biyu suka tsaya, yunwa ta cinye su. Rabon gaba na mutanen ƙauyen Kondi ne, kakannina, kuma ga su nan a sahun gaba na rundunar Harji, kowa da mashi a hannu.

Bapu ya ɗaga murya: "Ina Kondi? Ko kun sayar wa maƙwabtanku 'yan Asoli rabonku ne ban ji ba?"

Wani tsohon mayaƙi ɗan Kondi mai suna Dondu ya yi tsaki. "Asoli? Waɗanda ko tulun giyar kwakwa ba sa kaiwa gida bai fashe ba?" Ya jefar da mashi, ya tuɓe takalmi, ya sa kafaɗa.

Daga can baya wani ɗan Asoli ya amsa, "Ku dai yi sauri, masu ƙafar kaza! Muna jiran ku a wurinmu!" Su ma suka zubar da makamai suka ruga don kada a riga su.

Kuskuren Harji ke nan, kuma ba na ganin laifinsa ƙwarai. Ya ƙirga mutanen da za su ɗaukar masa mashi, ya manta kafaɗunsu da mai su. Ƙauye bayan ƙauye, runduna ta zama 'yan rakiya.

Sardar Durjan ya rasa gane kan abin, baƙo ko da ido makaho ne. Ya matso da dokinsa ya ce, "Wannan wane irin yaƙi ne? Ga yayanka can ba sulke. Kibiya ɗaya, ka kwana a fada."

A gindin cediya Nagoji ya karɓi sandar gaba. Mai riƙe da baya ya toge, don ƙafarsa ba ta da ikon wuce saiwar. A duk duniya jinin gidan saura mutum biyu. Rana ta take, ganguna suka yi shiru. Kafaɗar sarki ta soma rawa, gurguwar ƙafarsa na zamewa, falki na yin ƙasa a hankali. Mata suka rufe ido.

Sai Harji ya sauko daga doki. Ya kwance takobi ya miƙa wa Sardar, ya tuɓe takalmi, ya shiga ƙarƙashin sanda ya miƙe tsaye iya tsawonsa. Nan take baya ya ɗaga, nauyin duka ya gangara kan gajeren, Uwa ta karkata. Nagoji ya kai gwiwa ɗaya ƙasa.

"Dada, riƙe!" in ji Harji, sunan da bai kira yayansa da shi ba tun rasuwar mahaifinsu. Ya lanƙwasa gwiwoyi, ya rage tsawo har sanda ta daidaita.

Nagoji ya miƙe yana haki. Bai waiwaya ba ya ce, "Tun da ka soma tsawon nan kake ba ni wahala."

"Kai ne ka ƙi girma, Dada."

Dariya ta ɓarke, wasu na yi suna share hawaye. Haka suka tafi har ruwa, na gaba na ɗingishi, na baya a durƙushe, falki bai taɓa ƙasa ba.

Abin da aka riƙe shi ne, a ranar aka sallami Sardar da mutanensa, aka hau da hatsi ganuwa. Nagoji ya zauna a gadonsa har tsufa, Harji na riƙe masa da runduna, ba a sake jin kansu ba. Mutanen Asoli suna cewa wa Uwa Harji ya rusuna, ba wa yayansa ba. Su dai ba su taɓa rasa abin cewa. Ni abin da na gani a sarauta shi ne, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma wanda ya ƙi sassautowa, a kan ɗan'uwansa yake juye kayan.

Ganuwar ta zube, sarautar ta tafi inda sarautu ke tafiya, amma zuriyar gidan suna ɗaukar rabonsu, kuma mai riƙe baya yakan lanƙwasa gwiwa daga cediya har kogi. Bara wanda ya riƙe bayan ɗan gajere ne, ya rage tsawon duk da haka. Sai na gaba ya ji sanda ta karkata, shi ma ya rage nasa.