Ɓarawon Tarago Na Shida

Da misalin ƙarfe bakwai na safe Manajan tashar jirgin ƙasa ya bugo wa Sufeton 'yan sanda waya yana huci. An sake kwance tiyon birki na tarago na shida, karo na uku ke nan cikin wata guda. Idan babu tiyon nan ba a haɗa tarago da jirgi, don haka sau uku jirgin fasinja yana tashi ya bar shi a yadin ajiye taragu. Manaja ya rantse duk wanda aka kama, kora ce da gidan yari.

Sufeto bai so zuwa ba. Kawunsa, wanda ya riƙe shi tun rasuwar mahaifinsa, a yadin nan yake aiki shekara talatin da takwas. Mai Guduma ake kiransa, domin shi ke bin ƙafafun jirgi ɗaya bayan ɗaya yana ƙwanƙwasawa kafin a tashi. Lafiyayyar ƙafa takan yi amo mai tsawo, wadda ta tsage kuwa amonta a shaƙe yake. Saura wata huɗu tsohon ya yi ritaya, kuma ko takardar gargaɗi ba a taɓa ba shi ba.

Tarago na shida tsoho ne tukuf, fentinsa ya sale, matakalarsa ta lotse saboda sawun mutane. Sufeto da Saje, ɗan sandan da ya rako shi, suka durƙusa a bayansa. Notuna huɗun da aka kwance suna jere a kan wani tsumma, an goge su tas. An toshe bakin bututun birkin da auduga don kada ƙura ta shiga. An kuma tokare ƙafafun da katako gaba da baya, don kada taragon ya gangara tunda ba birki.

"Yallaɓai, ɓarawon nan da tarbiyya yake," in ji Saje.

Sufeto bai yi dariya ba. Ya leƙa sauran taragun, tiyonsu sababbi fil, babu wanda aka taɓa. Ya san mutum ɗaya tak da ke jera notuna haka. A gidan mutumin ya girma, ya kuma sha rankwashi kan barin sufana a ƙasa.

Aka kira maigadi, wani siririn dattijo mai saurin baki. Ya ce ƙarti uku ne suka hauro katanga, ya bi su da gudu suka tsere.

"Wace katanga?"

"Ta baya, Yallaɓai."

"Wadda yanar gizo-gizo ta rufe tun daga sama har ƙasa?"

Maigadi ya sosa ƙeya. Ya ce to watakila su biyu ne. Da Sufeto ya ci gaba da kallonsa, sai ya sunkuyar da kai ya ce a rubuta kawai barci ya yi, ya yarda a hukunta shi a kan haka. Mutumin da ya shekara ashirin yana alfahari ba ya runtsawa, yau shi ke roƙon a ce ya yi barci. Sufeto ya ji tausayinsa, ya sallame shi.

Ya koma wajen taragon, ya bi ƙafafun da ido. A ta uku daga hagu akwai ɓurɓushin alli, an zana alama an kuma wanke ta da ruwa, amma ba ta fita duka ba. Ya sa aka kira Manaja, wanda ya tsaya daga nesa yana kakkaɓe rigarsa.

"Akwai wanda ya taɓa kawo ƙorafi a kan ƙafar nan?"

"Babu."

"To wa ya wanke allin?"

Manaja ya yi ta kame-kame. Daga baya ya ce Mai Guduma ya rubuto rahoto sau biyu, ko uku. Amma ai an kawo sabuwar na'urar gwaji, ta ce ƙafar lafiya lau, kuma kowa ya san kunnen tsohon na dama ya mutu. Tarago mai cin mutum tamanin ba a ajiye shi saboda wani ya ji ƙara. Za a ɗaura sabon tiyo, yau da yamma zai bi jirgi.

Sufeto ya sami Kawu a rumfar kayan aiki, yana zaune a kan akwati yana shan shayi a murfin fulas. Ya cire hula ya durƙusa ya gaishe shi. Tsohon ya tambayi lafiyar yara da ta mai ɗakinsa, ya kuma yi masa faɗa cewa ya rame. Sai da suka gama duk wannan Sufeto ya mayar da hularsa.

"Kawu, ina tiyon?"

"Kana zaune kusa da su. Ga su nan a buhu, ukun duka, na shafa musu giris."

"Me ya sa ba ka faɗa mini ba?"

"Da na faɗa maka, ai sai ka rufa mini asiri. Ban riƙe ka don ka zama irin wannan ɗan sandan ba."

Ya miƙe da ƙyar, ya ɗauki gudumarsa da kwalbar kananzir da ƙullin garin alli, ya ce a kira masa Manaja. Ya ce sau uku yana roƙon mutumin ya sunkuya ya duba, amma wandonsa ya fi ƙarfin ƙasan tarago.

Suka koma wajen taragon. Wannan karon Saje ya tsaya a bayan Manaja, dole ya sunkuya. Kawu ya shafe ƙafar da kananzir, ya jira, ya goge ta ƙal, ya barbaɗa alli. Sannan ya buga guduma sau ɗaya. Amon ya mutu nan take. A cikin farin allin wani siririn layi ya fara bayyana, kananzir ne ke tsattsafowa daga tsagar, tsawon tafin hannu.

Manaja ya zauna daɓas a kan tsakuwa. Kawu ya ce wancan watan tsagar ba ta kai ɗan yatsa ba, kuma tafiya ɗaya a kan gada da mutum tamanin ta ishe ta.

Sufeto ya buɗe littafinsa ya rubuta cewa tarago na shida ya zama kayan shaida, ba zai motsa daga yadin nan ba sai kotu ta gama shari'a. Ya karanta wa Manaja da ƙarfi, ya sa shi ya sa hannu.

Amma fayil ɗin sata a buɗe yake, kuma ɓarawo ya amsa laifinsa da bakinsa. Ma'aikatan yadi suka taru, maigadi yana share ido da hannun riga. Sufeto ya ce wa Kawu ya zo su tafi, ya shiga gaban mota, ba sai an sa ankwa ba.

Tsohon ya miƙa wa Saje gudumarsa, sannan ya haɗa hannayensa biyu ya miƙo wa ɗan ƙanwarsa.

"Yi aikinka yadda ake yi," ya ce. "Ni na yi nawa."

Sau biyu ankwar tana kuɓuce wa Sufeto. Kawu ne ya gyara mata zama, ya danna ta da kansa har ta kulle.