Muryar Janar

Ranar da ta fara shiga ɗakin ɗaukar murya, ta tarar da shi tsaye gaban makirfo yana kuka kamar gaske. A allon da ke gabansa, wani jarumi na zamanin sarakunan Chaina ya rungume budurwarsa cikin ƙanƙara, ta sha guba. Da mai na'ura ya ɗaga hannu alamar an gama, sai ya share ido ya juyo da murmushi.

"Kada ki tsorata," ya ce. "Kullum sai na binne budurwa ɗaya kafin azahar."

Ta yi dariya ba ta shirya ba.

Aikinsu shi ne sa wa fina-finan Chaina masu dogon zango murya da harshensu. Shi ke yin jarumi, wanda galibi janar ne na mayaƙan sarki, shi ya sa kowa ke ce masa Janar. Ita aka ɗauka ta yi jaruma, ba a jima ba ta zama Gimbiya. Ɗakin ƙarami ne, an manna soso a bango, fanka kuma ba a kunna ta don kada ƙararta ta shiga aiki. A nan suke wuni suna zufa suna furta kalaman da wasu suka rubuta.

"Wai ka lura duk labaran nan uwarsu ɗaya?" ta ce wata rana suna hutu. "Yarinya ta sa kayan maza ta shiga fada, kowa ya makance. Ta zame daga kan gada, jarumi ya cafe ta, su tsaya kallon juna kamar ba su da aikin yi."

"Kin manta uwar sarki mai baƙar zuciya. Da bawan Allah ɗin nan da yake son jaruma tun suna yara, amma a ƙarshe shi ke riƙe wa ango doki."

"To me ya sa kake kuka in ka san ƙarshen?"

Ya dube ta. "Da can aiki ne. Tunda kika zo, in jarumar ta mutu da muryarki take mutuwa."

Da yamma saƙonsa ya shigo: "Gimbiyata, yau na faɗi ina son ki sau da yawa da bakin wani. Wannan nawa ne."

Da maganar soyayyarsu ta isa gidan su Gimbiya, Baba, mahaifinta, ya ɓata rai. Ya ce wanda ya girma yana kwaikwayon muryar mutane ba shi da sana'a. Akwai ɗan amininsa mai shagon magani da ya daɗe yana zuwa gaisuwa, shi Baba yake so. Gimbiya ba ta yi musu ba, ba ta kuma amsa ba.

Ana cikin haka muryar Janar ta fara dushewa. Ya ce mura ce. Sai ya daina zuwa aiki, aka kawo wani ya gaje shi. Ta kira, ba ya ɗagawa. Daga ƙarshe saƙo ya zo: "Ki bi zaɓin Baba. Ni na canza shawara. Kada ki neme ni."

Ta karanta har haruffan suka jiƙe a idonta. Bayan kwanaki ta hango shi a kujerar bayan mota tare da wata mace, matar tana gyara masa wuyan riga. Gimbiya ta koma ɗakin aiki ta tsaya gaban makirfo, ranar mai na'ura bai ce ta maimaita kuka ba.

Matar nan ce ta zo har ƙofar ɗakin aikin bayan wata guda. Ashe yayarsa ce.

"Ƙanwata, ya hana ni, amma na gaji da kallonsa. Ƙari ne ya fito masa a maƙogwaro. An yi aiki an cire. Likita ya ce zai rayu, amma muryar ba za ta dawo yadda take ba."

Ta same shi a gadon asibiti, ya rame, wuyansa a naɗe da bandeji. Da ya gan ta sai ya juya fuska bango.

"Juyo ka dube ni," ta ce. "Labari nawa muka yi tare? Kowane jarumi in ciwo ya kama shi sai ya ɓoye, ya kori yarinya wai don yana son ta. Kai da bakinka kake ce musu wawaye. Shi ne ka rasa abin koyi sai wannan?"

Ya lalubo wayarsa ya rubuta: "Murya ce kaɗai abin da nake da shi. Da ita kika so ni."

"Da ita na san ka. Ba ɗaya ba ne."

Ya rufe fuska da hannu, kafaɗunsa suna girgiza, babu sauti ko kaɗan. Wannan kukan ya fi duk wanda ta taɓa ji daga gare shi ciwo.

Baba kuwa da ya ji, sai ya ƙara tsanantawa. Ta durƙusa gabansa tana roƙo.

"Kina ƙarama lokacin da ciwo ya ɗauke wa mahaifiyarki magana," ya ce a hankali. "Shekaru na yi ina yi mata hira tana kallona kawai, har Allah ya karɓi abarsa. Na san shirun gida, 'yata. Ba na so ki san shi."

"Baba, ka taɓa yin nadamar zama da ita?"

Ya cire tabarau ya goge, ya mayar, ya sake cirewa. Washegari da safe ta ji yana tambayar wane ɗaki aka kwantar da yaron a asibiti.

An ɗaura auren ba tare da hayaniya ba, bayan Janar ya murmure ya koma aiki a kujerar mai haɗa sauti. Da za a tafi da amarya, Baba ya kama hannunta ya sa a na mijinta.

"Ga amanata. Allah ya ba ku haƙurin juna, ya sa albarka, ya raba ku da rabuwa."

Janar ya buɗe baki. Abin da ya fito raɗa ce mai kaushi, da ƙyar take kaiwa kunne. Baba ya sunkuyo sosai don ya ji.

"Na karɓa, Baba."

Tsohon ya dafa kan Janar, ya juya da sauri ya shige ɗaki don kada a ga idonsa.