Layin Burodi a Alsawra

Nagoggo ne ya fara ganin abin nan, tun kafin masu rediyo da masu karatu. Wata biyu kafin harbin farko ya yi mafarkin layin burodi a unguwarsu ta Alsawra a birnin Umdurman, dogo har bakin kogi, ba mai magana, ba mai takalmi. Ya faɗa a masallaci, aka ce tsufa ne.

Da yaƙi ya ci Umdurman maƙwabta suka gudu, shi ya zauna. Shi ke wanke gawa, ya ɗaure yatsun ƙafa, ya binne. Tun yana kuka har ya daina.

Kwana uku matarsa Barira ba ta sa komai a ciki ba. Gabanin asuba ya ji ƙamshin burodi, ya bi shi har gidan burodin da bam ya rushe. Ga layi. Ya tsaya a ƙarshe.

Na gabansa bai juyo ba ya ce, "Baba, matso. Mun ajiye maka wuri."

"Na Barira nake nema, ɗana."

"Ai Hajiya ta riga ka. Tana can gaba."

Nagoggo ya sunkuyar da kai. Manyan yatsun ƙafar mutumin a ɗaure suke da ƙyallen likkafani, ƙulli biyu, irin ɗaurinsa. Na gaba ma haka. Bai ji tsoro ba. Bai ji komai ba.

Yana nan da ransa, shi kaɗai a gidan. Mai musu ya zo gabanin asuba, Nagoggo zai raka shi, ya shiga layin in ya isa.