Tsohuwar Na'urar Numfashi

Da safe mai kula da sito ya buɗe ƙofa ya tarar da gurbin wata na'urar numfashi wayam, sai shatin tayoyinta a kan siminti. Bai jira kowa ba ya kira 'yan sanda, don shi mutum ne da ko tsintsiya ta ɓata sai ya tara jama'a.

Sajan ɗin da aka turo ya san gidan. Ƙungiya ce mai ba marasa lafiya aron kayan jinya kyauta: gadon asibiti, keken guragu, na'urar taimaka wa numfashi. In mai ciwo ya warke a dawo da kayan. In ya rasu ma a dawo da su, a wanke, a kai wa na gaba. A kan gadonsu mahaifin Sajan ya cika, shi ya sa tun daga bakin ƙofa ya gane warin maganin wanke kaya.

Ba a fasa kwaɗo ba. Sababbin na'urori na jere cikin ledarsu, ba wanda ya taɓa su. Wadda aka ɗauka tsohuwa ce tukuf, mai ƙara kamar numfashin mai barci. A kan ƙusa an rataye bututun hancinta, a ƙasa an kife kofin ruwanta, dukansu a wanke tas.

"Su wa ke da makulli?" in ji Sajan.

"Ni, da Mama mai ƙungiyar, da Farfesa, Yallaɓai," in ji mai sito. "Mama kuwa ba ta jin daɗi, yau ba ta fito ba. Ka ga saura mutum ɗaya."

"Kai fa?"

"Ni da direba muka kai gado ƙauye jiya, mota ta lalace, can muka kwana. Ga lambar bakaniken."

Bakanike ya tabbatar, har ya ƙara da ƙorafin cewa sun cika shi da surutu. Sajan ya cire su biyun daga zargi.

Wadda suke tsokana da Farfesa ɗaliba ce mai karatun digiri na biyu a fannin gudanar da ayyukan jama'a, jami'a ta turo ta sanin makamar aiki. Tana zaune a kan benci, ta damƙe wayarta da hannu biyu. Mai sito, don tsabar himma, har ya riga ya kira malaminta. An ce mata in sunanta ya shiga ƙarar sata, ta yi sallama da karatu.

"Ke kika rufe sito jiya?"

"Ni ce, Yallaɓai. Tana nan na bar ta."

"Kina da sha'awarta?"

Ta yi dariyar da ta fi kuka ciwo. "Ni fa na ce a wargaza ta! Wutar da take sha ta fi iskar da take bayarwa. In aka cire kayan cikinta za a tayar da wasu biyu da suka mutu, kuma ga mutane suna jira. Yau mai gyara zai zo."

"Da kika kawo shawarar, me Mama ta ce?"

"Ta ce na faɗi gaskiya. Sai ta tashi ta shiga banɗaki, ta daɗe ba ta fito ba."

Sajan ya nuna kofin. "Ke kika kife wannan?"

"A'a. Ni a tsaye nake ajiye su, su sha iska."

Direba da ke leƙe daga ƙofa ya ja da baya. "Yallaɓai, ai ba a kife kofi sai in mai na'urar ya rasu. Haka muke gane wadda ta dawo daga gidan makoki. Farfesa ba ta sani ba, ba ma barin ta zuwa karɓo irin waɗannan."

"Wa ya rasu a kan wannan?"

"Kwanan nan? Ba kowa. Ta daɗe a ajiye." Ya yi ƙasa da murya. "Ita ce ta farko. Ta ɗan Mama ce. Bayan rasuwarsa ta fara ba maƙwabta aronta, daga nan ƙungiyar ta tsiro."

Da rana tsaka Sajan ya hau matakalar gidan Mama. Bai kai ga ƙwanƙwasawa ba ya ji ƙarar ta bayan ƙofa, ja da saki, ja da saki. Ya ji tsoro, irin wanda bai taɓa ji a gaban ɗan fashi ba.

Ta buɗe, dattijuwa siririya, idanunta sun kumbura. Ba ta yi mamaki ba. Ta wuce gaba ya bi ta zuwa wani ƙaramin ɗaki: gado a gyare, takalman ƙwallo a ƙarƙashinsa, na'urar a gefe tana hura iska, ba kowa a gadon.

"Yaya aka yi ka gane, ɗana?"

"Mai son sayarwa sabuwa zai ɗauka, Mama. Mai majinyaci a gida kuma ba zai bar bututu da kofi ba, don ba ta aiki sai da su. Wanda ya ɗauke ta ba iskarta yake so ba. Sannan ya kife kofi, abin da yarinyar nan ba ta ma san ana yi ba. Hannunki ne ya yi abin da ya saba."

Ta zauna a bakin gadon. "Na yarda a wargaza ta, wallahi na yarda. Yarinyar ta yi daidai, abin da aka turo ta koya ke nan. Da yamma na je in yi mata kallon ƙarshe, sai na kunna, na kasa barin ta a can. Ɗana, na manta muryar yarona. Shekara da shekaru ina nema a kaina, ba na samu. Wannan ƙarar kaɗai ta rage mini. Da ita nake sanin yana nan a ɗakin, yana barci."

Sajan ya tuna yadda shi ma ya hana a taɓa gadon mahaifinsa, har sai da direban nan ya roƙe shi.

"Mama, za a kori yarinyar daga jami'a."

Ta ɗago a firgice. "Kora? Wa ya kai maganar can?"

"Mai sito. Tun safe take zaune a benci kamar mai jiran hukunci."

"Innalillahi. Ni ina nan ina jinyar wanda ya riga ya tafi." Ta miƙo hannu. "Ba ni wayarka."

Malamin yarinyar ta fara kira. Ta faɗi sunanta, ta ce ita ta ɗauki na'urar, kuma ba ta taɓa samun mai amana irin ɗalibarsa ba. Sannan ta kira yarinyar. "'Yata, ki yafe mini. Ki zo da mai gyara, a nan gida za a yi."

Ta mayar masa da wayar. "Ka ɗan ba ni wuri, ɗana. Ba na son kowa ya kashe ta sai ni."

Sajan ya fita ya tsaya a kan matakala, ya juya wa ƙofar baya. Ja da saki, ja da saki. Ya daɗe yana sauraro, har ya fara fatan kada ta iya.

Sai ƙarar ta tsaya.